Hutun da Ban Nema Ba

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 6:20 na safe

Na yi wanka, na goge farar rigata, har na ɗauki jaka kafin in tuna ba inda za ni. Hutun wata guda. Oga ya rubuta "hutu" a takardar, ya ja masa layi a ƙasa kamar wata kyauta ya ba ni. Shekara goma sha bakwai ina ɗakin gwajin jini na asibitin nan, ban taɓa neman hutun da ya wuce kwana biyar ba. Yau ga wata guda ban roƙa ba, da sharaɗin in riƙa ganin wata likita Talata da Juma'a.

Ita likitar ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubutu. Na tambaye ta wa zai karanta. Ta ce ba kowa, nawa ne. Haka ake cewa. Na saya dai, amma iya abin da ko an karanta ba zai zama hujja a kaina ba zan rubuta.

Abin da ya faru ranar Laraba ba zan maimaita shi a nan ba. Mutum goma ne suka gani, kowa ya zuba nasa gishirin.

Litinin, ƙarfe 11:40 na safe

Baban yara ya kira sau biyu daga wurin aiki. "Me kike yi?" Shekara goma sha biyar muna tare bai taɓa tambayata me nake yi da hantsi ba. Wa ya ce ya riƙa tambaya?

Talata, 5 ga wata, ƙarfe 4:45 na yamma

Na dawo daga wurin likitar. Ɗakin ƙarami ne, kujera biyu, tebur gajere, kwalin tishu an ɗan turo shi ɓangarena. Agogon bango yana bayan kujerata, ita tana gani, ni ba na gani. Wannan ba haɗuwa ba ce, an tsara shi. Akwai shuka a tukunya kusa da taga. Da ta juya rufe ƙofa na murza ganyen, na gaske ne.

Na sa mata suna Likitar Shiru. Minti hamsin, in ta yi magana da yawa ta yi jimla goma.

Na kawo mata hujjojina a jere, yadda nake jera aiki. Na ɗaya, sau uku ina barin kwalaben jini a tsarin da na saba, in dawo in tarar an taɓa su. Na biyu, birona ja yana tashi daga inda na ajiye shi. Na uku, in na shigo ɗakin shan shayi sai magana ta mutu. Na ce mata Doguwa ce, yarinyar da na koya wa aiki da hannuna, tun ba ta iya neman jijiya ba. Kujerata take so. Tana sauya lambobin kwalabe don a ce na yi kuskure, kuma Oga ya sani.

Ba ta ce ƙarya nake ba, ba ta ce gaskiya ne ba. Ta ce, "Tun yaushe kika fara lura da haka, Malama?"

Na ce wata uku ke nan.

"Me ya faru wata uku da suka wuce?"

Na ce an canza mana firji.

Ta jira. Ni ma na jira. A wannan wasan ba za ta ci ni ba, na iya zama da shiru tun ina ƙarama.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Mako guda yau. Kwalbar suɓucewa ta yi daga hannuna, ba jifa na yi ba.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe 8:15 na safe

Auta ta kira jiya sau uku ban ɗauka ba. Ba ni da abin da zan ce mata. Mu biyu ne a wurin Umma, ni babba, ita ƙarama, shekara tara tsakani. Ita ce ba ta bar gida ba, tana can gidan Umma. Gidan dai.

Da safen nan baban yara ya bar wayarsa a kan firji ya shiga wanka. Ban bincika ba, haske ta kawo na gani. Sunan Auta a sama, jiya, minti goma sha huɗu. Shekaranjiya minti tara. Mutumin da in Auta ta zo gaisuwa ce kawai ke haɗa su, sai tsokanar da yake mata cewa shayinta ruwan wanke kofi ne. Yanzu me suke tattaunawa har minti goma sha huɗu?

Na mayar da wayar daidai inda take, fuska a ƙasa, kamar yadda ya bar ta.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe 5:10 na yamma

Yau ba ta riƙe biro ba. Ran Talata ta yi rubutu, yau hannunta a cinya. Nan take na sha jinin jikina. Na tambaye ta kai tsaye ko ɗaukar muryata take yi. Ta ce a'a. Na ce me take kai wa Oga? Ta tashi ta buɗe durowa ta miƙo min takarda. Sunana, kwanan wata, da gurbi biyu: ta zo, ba ta zo ba. Ta ce iyakar abin da ke fita daga ɗakin ke nan, in wani abu zai ƙaru sai na gani na sa hannu. Na juya bayan takardar, fari fat. Wannan ai wadda ake nuna wa mutane ce.

Na ce mata ta daina kallona haka. Ta ce yaya? Na ce kamar mai jira in yi kuskure ta kama.

Ta ce, "Ni ban ji ina neman kuskurenki ba. Amma na yarda haka kallon yake zuwa miki. Kafin ni, wa ya taɓa kallon ki haka?"

Na ce babu.

A motar haya ina dawowa, wata mata tana goge gilashin idonta da gefen mayafi yana ɗan ƙara, sai faranti ya faɗo min a rai. In na gama wanke-wanke Umma takan zo ta ɗauki faranti ɗaya ta ja yatsa a kai. In ya yi ƙara, ta wuce. In bai yi ba, ta mayar da shi cikin ruwa, da shi da duk sauran, ba ta ce uffan ba. Ba ta taɓa dukana a kai ba, ba ta taɓa zagi ba. Shekarata takwas. Har yau farantina ba ya barin hannuna sai ya yi ƙara.

Wannan tarbiyya ce, ba wani abu ba. Ba zan gaya mata ba, za ta mayar da shi labari.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Na kwashe kayan kicin duka na wanke na mayar. Baban yara ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, wai ko zan bar masa kofi ɗaya mai datti ya riƙa tunawa da zamanin da. Ban yi dariya ba. Na ce masa ya faɗa min gaskiya, me Oga ya gaya masa ranar da aka kira shi ya ɗauke ni.

Ya ce, "Maman yara, ai kin sani."

Na ce ina so in ji yadda suka juya shi.

Ya ja kujera ya zauna. Wai na riƙe sakamakon mutum arba'in tun safe har yamma na hana a fitar. Wai jinin wata tsohuwa ɗaya na maimaita sau tara. Wai da Doguwa ta ce, "Anti, likitoci suna jira," na kulle firji na sa makulli a aljihu, na faɗa mata maganganu a gaban marasa lafiya.

Sau bakwai ne, ba tara ba. Ka ga yadda ake ƙari.

Na ce masa in ba a taɓa kwalaben ba me zai sa in maimaita? Ya ce shi ma tambayar da yake yi ke nan. Ya faɗe ta a hankali, yana kallon tebur. An koya masa yadda zai yi min magana, na gane, da can ba haka muryarsa take ba.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe 12:50 na rana

Na fita sayen sabulu ƙafata ta kai ni tashar motar da ke kallon asibiti. Daga nan ana hango tagarmu, hawa na biyu, ta uku daga hagu. An ɗaga labule. Ni ba na bari a ɗaga, rana na dukan na'ura.

Ban yi minti ashirin ba sai ga Doguwa ta tsallako titi da farar rigarta, riƙe da rigar sanyina da na bari a bayan kujera. Wato ana kallon titi daga sama, an sa mai gadi.

"Anti, ina wuni. Wallahi mun yi kewarki, na'urar nan ba ta jin maganar kowa sai taki."

Na amsa a taƙaice. Ta miƙo rigar, an wanke an ninke. An kuma duba aljihu, ba sai an faɗa min ba.

Sai ta rage murya ta ce, "Tsohuwar nan, Anti, sakamakonki daidai ne tun na farko. Oga ya sake yi da kansa, lamba ɗaya ba ta canza ba. An fara mata magani, tana samun sauƙi."

Me ya sa za ta gaya min wannan? Me ya sa tsohuwar, ba sauran talatin da taran ba? Ta san wani abu, ko an gaya mata. Na ce na gode, na shiga motar da ta fara tsayawa, ba ma ta unguwarmu ba ce.

Akwai filasta a bayan hannunta na dama. Ban tambaya ba.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe 4:05 na yamma

Na ce ba zan gaya wa likitar zancen faranti ba, na gaya mata. Shirun ne ya ishe ni, na jefa mata shi kamar yadda ake jefa wa kare ƙashi.

Ta saurara. Ta ce to a gidanmu in mutum ya yi daidai me ake ce masa? Na ce ba a cewa komai, ai daidai ya yi. Amma a gaban baƙi Umma takan ce, "Wannan ba ta kuskure." Ni ba ta taɓa faɗa min a fuskata ba, sai dai in ji daga kicin.

Ta ce, "Nauyi ne babba a ɗora wa yarinya."

Na ce kar ta sake ta taɓa min uwa. Mace ce da ta riƙe mu ita kaɗai da keken ɗinki, ba ta taɓa miƙa hannu ga kowa ba. Ta ce ba ta zargin ta, tana ƙoƙarin ganin yarinyar ce kawai. Sannan ta ce, "Kina cewa takan yi, takan ce. Umma tana raye?"

Na ce lokaci ya cika ko? Na waiga na dubi agogon nata. Saura minti ashirin da biyu. Na ɗauki jakata na fito.

Tana da fayil ɗina. Ta san amsar. Gwada ni take yi.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Ba zan koma ba.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 10:25 na safe

Na tura mata saƙo cewa na gode, na samu sauƙi. Ta amsa bayan awa ɗaya: "Na gani. Kujerarki tana nan gobe ƙarfe uku, ko kin zo ko ba ki zo ba." Na karanta ya fi sau goma. Ko barazana ce ko wayo. Ta san in ta cika gurbin "ba ta zo ba" aikina ya tafi, shi ya sa ba ta buƙatar roƙo.

Ban yi kuskure a aikin nan ba. A duba littafin shekara goma sha bakwai.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe 3:50 na yamma

Ban je ba. Na zauna a falo agogo a gabana, wannan karon ni ke gani. Uku da minti biyar, uku da kwata, uku da rabi. Wayar tana gefena. Ba ta kira ba. Mutum ya ɓace maka, ko ka ji ko lafiya. Daman na faɗa, albashinta take ci.

Ban san me ya sa abin ya dame ni ba. Ni na ce ba zan je ba.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe 6:15 na yamma

Auta ta zo ba sanarwa. Na ji muryarta a falo na shige ɗaki na murza makulli. Ta ƙwanƙwasa. "Yaya, ni ce. Ko minti biyar." Na yi kamar barci nake. Na ji ta koma tana magana da baban yara ƙasa-ƙasa. Na kara kunne a ƙofa. Mai gidan da Umma ke haya yana son gidansa ƙarshen wata, dole a kwashe kaya. Sai na ji ta ce "takardun asibiti". Na zauna a ƙasa.

Bayan ta tafi na fito na ce masa, "To kun samu abin da kuke nema?"

Ya ce, "Me muke nema?"

Na ce kar ya raina min hankali, na san suna waya kullum. Ya ce ƙwarai suna yi, tambaya biyu ce, ta ci abinci, ta yi barci, shi kuma amsa biyu gare shi, a'a da a'a. Sauran mintunan kuka take yi, shi yana riƙe da waya.

Daga nan ya faɗi abin da ba a faɗa a gidan nan. Ya ce, "Ummanku ta rasu wata uku da kwana tara. Kwana huɗu kika yi kika koma aiki. Tun ranar ba ki taka gidan ba, ba ki ambaci sunanta ba, kin bar yarinyar nan ita kaɗai. Yanzu yara kafin su shigo ɗakinki sai sun tambaye ni yau yaya take. Ni ba na gaba da ke. Amma na gaji da zama ɗan sanda a idonki."

Ya ɗauki makullin mota ya fita da yara. Ya san adadin kwanakin. Lissafi yake yi min.

Ni ma na san adadin.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Ƙaramar 'yata ta leƙo kafin su tafi makaranta ta ce, "Mama, in shigo?" A gidansu.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na koma. Don gurbin takarda, ba don ita ba.

Ina zama na ce mata ba ta kira ba. Ta ce, "Kin so in kira?" Na ce da ta kira da na ce sa ido take min. Ta ce to ga shi, in ta kira mai gadi ce, in ba ta kira ba maras tausayi ce, ta ina za ta shigo? Na kusa murmushi, na danne.

Ta tambaye ni Oga wane irin mutum ne. Na ce munafuki. Ta ce bara fa? Na ce bara kamar uba yake a wurina. Doguwa fa? Kamar ƙanwa. Baban yara? Na juya ina kallon shukar taga. Ta ce ta lura a wurina mutum ko dai nawa ne ɗari bisa ɗari ko kuma maƙiyi, babu wurin tsayawa a tsakiya, kuma cikin wata uku kowa ya tsallaka ɗaya gefen a lokaci guda. Ta ce wannan ba sabon hali ba ne, tsohon hali ne da ya riƙe ni shekaru, ya sa na zama gwanar aiki, yanzu wani abu ya danne shi da nauyin da ya fi ƙarfinsa. Rashin barcin da zargin da maimaita gwajin, in ji ta, ba daga sama suka faɗo ba, ta inda na saba bi suka biyo.

Na ce to duk wannan bai hana a yi da ni a ɗakin shayi ba.

Ta ce, "Mai yiwuwa ana yi. In kin fita, me suke cewa?"

Na ce, "Cewa suke ta gani ta yi shiru."

"Kin ji da kunnenki?"

Na ce ba sai na ji ba.

"Wa ya san akwai abin da kika gani?"

Babu wanda ya sani. Ban faɗa mata haka ba, amma ta ga fuskata. Ta ce wani lokaci in magana ta fi ƙarfin mutum ya riƙe ta a cikinsa, sai zuciya ta ɗauke ta ta sa a bakin wasu. Sai ya riƙa jin ta daga waje, don maƙiyin waje ana iya kulle masa ƙofa.

Na ce wannan karatun littafi ne. Ta ce haka ne, a littafi ta fara karanta shi. Amma jimlar da na ce suna faɗa ba ita ta kawo ta ba, ni na kawo.

Na zauna har lokaci ya cika.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe 11:10 na safe

Ba kowa a gida. Zan rubuta, in na ga dama in yage.

Wata bakwai da suka wuce Umma ta ce tana gajiya, in ta hau bene sai ta tsaya a tsakiya. Na ce mu je asibiti. Ta ce ita ba za ta je ta yi layi wani yaro ya tattaɓa ta ba alhali ta haifi mai dubawa. Na zo da allura da kwalba biyu na ɗiba a teburin cin abincinta. Ta kawar da kai, tana tsoron allura, abin da ba wanda ya sani sai ni.

Na yi gwajin da kaina. Lambobi biyu sun ɗan sauka, ɗaya ya ɗan hau. Ɗan. A shekarunta ana ganin haka kullum. A makon ne masu duba aiki za su zo daga sama, ina kwana uku ina shirya fayil. Da na wani ne, ƙa'ida ita ce in kai wa likita ya gani, a sake bayan sati biyu. Na san ƙa'idar, ni na rubuta ta na manna a bango.

Na kira ta na ce gajiya ce, ga maganin ƙarin jini zan aiko. Na sa takardar a ambulan na ba ta. Ta ce, "In ke kika duba, ai an duba."

Ban sake ba.

Da ta faɗi a banɗaki wata huɗu bayan haka, likitan ya duba sabon sakamako ya ce, "Ba a taɓa yi mata gwaji ba kwanan nan?" Auta ta ce a'a. Ina tsaye a wurin.

Iya nan.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

Na kai littafin na karanta mata da bakina, ban ba ta a hannu ba. Ba ta yi rubutu ba, ba ta turo tishu ba.

Na ce ta faɗa min abu ɗaya. Da an sake gwajin a sati biyu, da ta rayu?

Ta ce, "Ban sani ba. Ba fannina ba ne, kuma ko masu fannin ban jin akwai wanda zai rantse miki ta kowane gefe."

Na ce to ta ce laifina ne. Ta ƙi. Na ce to ta ce ba laifina ba ne. Ta ƙi. Raina ya ɓaci sosai, na ce me amfaninta? Ta ce akwai abin da ya kamata in yi ban yi ba, wannan gaskiya ne, kuma 'yar da ta ɗebi jinin uwarta tana tsoron abin da za ta gani ita ma gaskiya ce. Ta ce, "A tsarinki mutum ko tsaf yake ko bai cancanci a dube shi ba. Da kika tsinci kanki ba tsaf ba, ina za ki ajiye kanki?"

Wataƙila haka aka koya musu su ce wa kowa. Amma da ta wanke ni da ban yarda da ita ba, wannan na sani.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Na je gidan. Baban yara ya sauke ni a ƙofa ya wuce.

Auta ta rame. Kwalaye ko'ina, keken ɗinki an lulluɓe shi da zanin gado. Ta ce, "Yaya," ta tsaya nesa kamar baƙuwa. Muka fara da labule. Muna cikin ninke na biyu, ita riƙe da gefe ni da gefe, ta ce, "Na san me ya sa ba kya ɗaukar wayata."

Na ce faɗi.

Ta ce, "Ni nake kwana da ita. Ina gani kayanta suna mata yawa, ni nake rage mata su a keke. Sau biyu na rage. Na ce tsufa ne. Ke ma'aikaciyar asibiti ce, da na faɗa miki da kin gane. Na san ba za ki yafe min ba."

Wata uku ina jiran ta nuna ni da yatsa, ashe ita tana can tana jiran nawa.

Na gaya mata. Teburin, kwalba biyu, ambulan, da tambayar likita. Ban rage komai ba. Ta saki labulen ta zauna a kan kwali. Ta ce ta ga ambulan ɗin a jakar Umma, ba ta gane lambobin ba, ta haɗa da sauran takardun don ta tambaye ni ko a ajiye ko a zubar.

Na tsaya ina jiran hukunci, har na ji wani irin sauƙi, yau dai za a faɗa.

Ta ce, "Wannan sai na zauna na yi tunani a kai, ban san me nake ji ba. Amma Yaya, saboda wannan kika bar ni ni kaɗai da ɗakinta wata uku? Buroshinta yana banɗaki har yanzu, na kasa taɓawa. Ina da 'yar uwa ɗaya a duniya."

Duk shirin da na yi na amsa zargi, wannan ban shirya masa ba. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba yau ba. Ta tashi ta ɗauki gefen labulenta, na ɗauki nawa.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe 8:50 na safe

Oga ya aiko saƙo: an ƙara min sati biyu, in na dawo rabin yini zan fara, wani zai riƙa sa hannu a bayan nawa. Na karanta ina neman inda tarkon yake. Wataƙila yana nan, ban gan shi ba tukuna.

Na rubuta wa Doguwa saƙo sau shida ina gogewa. Na bakwai na tura: "Na cuce ki. Yaya hannun?" Ta amsa cikin minti ɗaya, "Ya warke, Anti, ba komai." Saurin ya yi yawa, kamar a shirye yake. Zan kai wa Likitar Shiru wannan gobe, na san za ta ce mai yiwuwa.

Litinin, ƙarfe 6:30 na yamma

Na koma gidan tun hantsi. Auta tana amsa min magana, amma a gajarce. Ni na shiga banɗakin na kwashe.

Da rana muka kai ga ƙasan wadirob. Takalma bakwai a jere, duk a goge. Na ɗaga baƙin nan na zuwa kasuwa, na juya shi. Dunduniyar hagu ta cinye ta gefe ɗaya, an cusa kwali an ninke a ciki don kar a gane. Na duba sauran, duka haka. Umma tana ɗingishi, ta ɓoye mana, ban san shekara nawa ba. Matar da ba ta taɓa fita da zare ɗaya a kwance ba tana yawo da kwalin sabulu a takalmi.

Na nuna wa Auta. Ta ce, "Kai, Umma," ta yi 'yar dariya. Ni ma na buɗe baki zan yi, sai wani abu daban ya fito. Ban san ina da irin wannan muryar ba. Na durƙushe a wurin da takalmin a hannu.

Auta ba ta rarrashe ni ba, ba ta ce in yi shiru ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da nawa, ta jawo kwandon kaya ta ci gaba da ninki. Ina jin motsin kafaɗunta. Mun fi awa a haka.

Da zan tafi ta ce, "Gobe akwai kicin." Na ce ina da likita ƙarfe uku. Ta ce, "To ki zo da safe, Yaya." Na ce to.